Yadda Ake Ba 'Yan Maruƙa Yis Don Ƙarfafa Garkuwar Jikinsu

Mafi yawan asarar 'yan maruƙa a gonar shanun madara tana faɗawa ne cikin watanni biyun farko, kuma zawo da ciwon huhu su ne kan gaba. Abin ya fi tsanani ga ruwa-biyu, irin haɗin Firiziyan da Bunaji da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana yi, domin su ake raba wa da uwa da wuri a koma shayar da su a bokiti. A da gonaki da yawa a duniya kan zuba antibayotik a madarar maruƙa kullum da sunan rigakafi. Tun da Tarayyar Turai ta haramta ba dabbobi antibayotik don saurin girma a farkon 2006, hankali ya ƙara komawa ga abubuwan da za su taimaki hanji da garkuwar jiki ba tare da ƙwayoyin cuta sun koyi bijire wa magani ba. Yis na cikin waɗanda aka fi gwadawa.

Sakamakon gwaje-gwajen bai zo iri ɗaya ba. A wasu an ga kwanakin zawo sun ragu kuma maruƙa sun fara cin abinci da wuri, a wasu kuwa ba a ga wani bambanci ba. Inda amfaninsa ya fi fitowa shi ne ga maruƙan da ke cikin matsi: waɗanda aka yi doguwar tafiya da su, waɗanda ake yayewa, da na garken da cuta ta yi wa yawa. Saboda haka yana da kyau mai kiwo ya san wane iri zai saya, nawa zai auna, da abin da zai fara gyarawa kafin ya kashe kuɗinsa.

Dakashi tukuna

Ana haihuwar ɗan maraƙi kusan babu sinadaran garkuwa a jininsa, domin mahaifar saniya ba ta barin su ratsa zuwa ga ɗan da ke ciki. Duk abin da zai kare shi a makonnin farko daga dakashi yake samunsa. Hanjinsa yana iya zuƙe waɗannan sinadarai zuwa jini na ɗan lokaci ne kawai: ƙarfin zuƙar yana raguwa sosai bayan awa 6, kuma kafin awa 24 ƙofar ta rufe. Babu yis ɗin da zai buɗe ta.

Ƙa'idar ita ce dakashi mai nauyin kashi 10 cikin 100 na jikin maraƙin, cikin awa 2 na farko. Ruwa-biyu mai kilo 28 yana bukatar kusan lita 3. Idan bai iya shanyewa a zama ɗaya ba, a ba shi lita 2 nan take, sauran kafin awa 6, sannan a ƙara masa lita ɗaya da rabi zuwa 2 kafin awa 12. Wanda ya kasa tsotso a ɗura masa da robar ɗura ta maruƙa, amma sai wanda aka koya masa, domin in robar ta bi hanyar iska dakashin huhu zai tafi. Barin maraƙi ya tsotsa da kansa ba tare da an sa ido ba yana yaudara, musamman ga saniyar da hantsarta ta sauka ƙasa ko nonuwanta suka yi kauri. A gidajen da ake tatse dakashi a dafa a ci, a bari sai maraƙi ya sami rabonsa na ranar farko.

Mai maruƙa da yawa ya nemi ƙaramar na'urar Brix ta hannu, wadda ake gwada ingancin dakashi da ita. Ɗigo biyu na dakashi ake sa mata. In ta nuna 22 ko sama, dakashin ya isa a fara da shi. In ya gaza, a nemi na wata saniya mai lafiya da ta haihu a ranar. A tsoma cibiya cikin aidin mai ƙarfin kashi 7 da zarar an haihu.

Kada a zuba yis ko wani ƙari a dakashin farko. Akwai gwajin da ya nuna cewa zuba garin ɓawon yis a cikinsa yana iya rage yawan garkuwar da hanji ke zuƙa. A fara ba da yis a rana ta 2 ko ta 3.

Iri uku ne a kasuwa

Duk daga jinsi ɗaya suke, wato Saccharomyces cerevisiae, wanda ake kwaɓa burodi da shi, amma aikinsu da yadda ake riƙe su sun bambanta.

Na farko shi ne yis mai rai, busasshe. Za ka gane shi da haruffan CFU a jikin leda, wato adadin ƙwayoyin da ke da rai a kowane giram. Akwai nau'in da aka zaɓa don tumbi, akwai kuma nau'in boulardii, wanda ya fi jure tsamin ciki kuma ya fi son zafin jiki na digiri 37. Shi ne wanda likitocin mutane ke bayarwa ga wasu nau'o'in zawo, kuma shi ya fi dacewa da maraƙin da ke shan madara, tunda aikinsa a hanji yake.

Na biyu shi ne yis da aka rena a kan hatsi ko ruwan rake, aka busar da shi tare da duk abin da ya fitar lokacin renon. Ba a dogara da ransa, don haka zafi bai cika lalata shi ba. A ƙasa mai zafi da ƙarancin wutar lantarki wannan babban abu ne, kuma ga mafi yawan ƙananan gonaki shi ya fi sauƙin riƙewa.

Na uku garin ɓawon ƙwayar yis ne kawai. A jikin leda za ka ga MOS ko bita-gulukan, wato sinadaran da ke cikin ɓawon.

Ledar da ba ta faɗi nau'in yis ba, ba ta faɗi adadin CFU ko yawan sinadarin da ke ciki ba, ko babu ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC, a bar wa mai shago kayansa.

Abin da yake yi a cikin maraƙi

Jariri ɗan maraƙi tumbinsa bai fara aiki ba. In yana tsotso, wata magudana a cikinsa takan naɗe ta wuce da madara kai tsaye zuwa ciki na huɗu, daga nan sai hanji. Abin da aka zuba a madara hanji yake zuwa, abin da aka zuba a busasshen abinci kuwa tumbi yake faɗawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake raba yis gida biyu, na madara da na busasshen abinci.

A hanji, ɓawon yis yana ɗauke da sukarin manan. Bakteriyar Salmonella da wasu nau'o'in bakteriyar E. coli suna da 'yan gashi da suke maƙale wa bangon hanji da su, kuma irin wannan sukari suke nema. In suka haɗu da ɓawon yis sai su kama shi maimakon hanji, su fita tare da kashi. Sai dai ba duka ke faɗawa wannan tarko ba. Nau'in E. coli mai suna K99, wanda ke kawo zawo mai ruwa-ruwa a kwanaki huɗun farko, gashinsa ba ya kama manan. Maganin wannan shi ne dakashi mai kyau da tsabtar wurin haihuwa, da rigakafin uwa kafin haihuwa inda ake samun allurar.

Bita-gulukan kuwa, ƙwayoyin garkuwa da ke jikin hanji suna gane shi a matsayin baƙo, sai su zauna cikin shiri. Wannan yana da muhimmanci tsakanin mako na 2 da na 4, lokacin da garkuwar dakashi ta fara raguwa kuma ta maraƙin kansa ba ta gama tasowa ba. A makonni ukun farko ne rotabairos da Cryptosporidium, ƙwayoyin cuta masu kawo zawo, suka fi kwantar da maruƙa. Yis ba ya kashe ko ɗayansu. Abin da ake sa rai shi ne bangon hanji ya fi jurewa, zawon ya zo da sauƙi, maraƙi ya ci gaba da sha.

A tumbi, yis mai rai yana shanye ɗan iskar oksijin da ke shiga tare da abinci, wadda ke cutar da bakteriyar da ke narkar da ciyawa. Yana kuma ƙarfafa bakteriyar da ke cinye tsamin da hatsi ke haifarwa. Tumbin da bai yi tsami da yawa ba yana sa maraƙi ya ci abinci kullum ba tare da yankewa ba, kuma cin hatsin ne ke gina bangon tumbi.

Awo da haɗawa a madara

Abin da aka rubuta a leda shi ne ƙa'ida, domin ƙarfin kayan kamfanoni ya bambanta. Ga yis mai rai, adadin da aka fi amfani da shi ya kai kimanin ƙwayoyi biliyan 10 a rana ga maraƙi ɗaya. In leda ta ce CFU biliyan 20 a giram, rabin giram ke nan. In ta ce biliyan 10, giram ɗaya. Garin ɓawo yawanci giram 3 zuwa 5 ne a rana, irin renon da aka yi don narkewa a madara kuwa kimanin giram 1.

Rabin giram ba a auna shi da cokali. A sayi ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da zinari. Hanya mafi sauƙi ga mai maruƙa 10 ita ce ya auna giram 5 gaba ɗaya, ya zuba a mililita 200 na ruwa mai ɗumi, ya bar shi minti 5 ya jiƙa, ya motsa, sannan ya ɗebi mililita 20 da sirinji ya zuba a bokitin kowane maraƙi. A riƙa motsawa kafin kowane ɗiba, domin yis yana kwanciya a gindi, sai na ƙarshe ya sami na maruƙa uku, na farko ya sami ruwa.

Zafi ne ya fi kashe yis mai rai a hannun masu kiwo. Madarar da za a ba maruƙa ya kamata a dafa ta saboda tarin fuka da ciwon bakkale, ko dai digiri 63 na minti 30 ko a tafasa. Madarar gari ta maruƙa kuwa ana dama ta da ruwa mai digiri 45 zuwa 50, giram 125 zuwa 150 a lita. A duka biyun sai ta huce zuwa digiri 38 ko 39 kafin a zuba yis. Daga digiri 50 zuwa sama ƙwayoyin sun fara mutuwa. Ruwan da aka sa wa sinadarin kulorin mai yawa shi ma yana kashe su, haka ragowar sabulu ko maganin wanke bokiti. A haɗa na kowane shayarwa a lokacinsa, kada a ajiye ragowa zuwa yamma.

Kullum ake bayarwa, sau ɗaya da safe ko a raba biyu. Yis ba ya kafa gida a cikin dabba, in aka daina bayarwa cikin 'yan kwanaki ya fice. Ba da shi yau a tsallake kwana uku asarar kuɗi ce. A ci gaba har yaye, a ƙara mako 2 bayansa ta cikin abinci.

Madarar kanta ta isa. Maraƙi mai kilo 28 yana bukatar aƙalla lita 4 a rana, kashi 15 cikin 100 na nauyinsa, a shayarwa biyu ko uku, lokaci ɗaya da ɗumi ɗaya kullum. Garkuwar jiki tana cin ƙarfi sosai, kuma maraƙin da ake ba lita 2 don a sayar da sauran ba shi da abin da zai yaƙi cuta da shi. A darare masu sanyi na hunturu a ƙara masa rabin lita zuwa lita ɗaya.

Mutane kan tambaya ko yis ɗin burodi na kasuwa zai yi. Jinsinsu ɗaya, kuma yana da ƙwayoyi masu rai da yawa in sabo ne, amma an zaɓe shi ne don ya kumbura kwaɓi. Wanda ba shi da wani zaɓi yana iya gwada giram 1 zuwa 2 a rana daga sabuwar leda mai matsattsen rufi, kada ya wuce haka. Abin da ba a yi shi ne haɗa shi da sukari. Wannan yis ba ya iya cin sukarin madara, don haka a madara zalla ba ya tashi. Da zarar an sa masa sukarin shayi ko gulukos zai fara fitar da iska da barasa, kuma a cikin maraƙi hakan kumburin ciki ne. Dusar giya ɗanya da tsamin burukutu ba su da wuri a bokitin ɗan maraƙi.

A busasshen abinci

Daga rana ta 3 a ajiye wa maraƙi ruwa mai tsabta a bokitinsa daban da ɗan abincin fari cikin tafin hannu ɗaya. A zubar da wanda ya kwana, a sa sabo. Ruwan dole ne, domin madara ba ta shiga tumbi, kuma bakteriyar tumbi ba ta rayuwa a busasshen wuri.

Abincin fari yana bukatar furotin kashi 18 zuwa 20. Haɗin kilo 100 da zai ba da haka: ɓarzajjiyar masara kilo 50, dusar alkama kilo 20, ƙulin waken suya ko na gyaɗa kilo 27, garin ƙashi kilo 2, gishiri rabin kilo, haɗin bitamin da ma'adanai rabin kilo. A ɓarza masarar, kada a niƙe ta gari, domin gari yana tsamar da tumbi kuma ƙurarsa tana sa tari. Waken suya sai wanda aka gasa ko aka matse da zafi. Ƙulin angurya a bar shi sai bayan yaye da tumbi ya kafu, saboda gubar da ke cikinsa tana taɓa zuciyar ƙananan maruƙa. Yuriya kuwa sam.

Yis na reno mai ƙarfi ana sa rabin kilo zuwa kilo 1 a kilo 100, marar ƙarfi har kilo 2. Kada a juye shi kai tsaye kan tarin abinci. A fara cuɗa shi da dusa kilo 2, a cuɗa wannan da kilo 10, sannan a haɗa da sauran. In za a kai abincin injin curawa, a sani cewa tururinsa yana kai digiri 70 zuwa sama, kuma yis mai rai ba ya tsira sai wanda aka yi wa rufi na musamman aka rubuta haka a leda.

Ƙulin gyaɗa da masarar da damina ta taɓa sukan ɗauki gubar fumfuna, wadda ke karya garkuwar jiki da lalata hanta. Gaskiya ne ɓawon yis yana kama wani ɓangare na wasu gubobin fumfuna, amma ba zai mayar da ruɓaɓɓen abinci mai kyau ba. Buhun da ya dunƙule ko yake warin gumi a zubar da shi.

A yaye maraƙi in ya kai mako 8 kuma yana cinye kusan kilo 1 na abincin fari a rana, kwana uku a jere. A rage madarar a hankali cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. Kada a haɗa yaye da ƙone ƙaho ko sauya ɗaki a mako ɗaya.

Ajiya

Yis mai rai yana zuwa ne a leda da aka zuƙe wa iska, tana da tauri. In ta saki tun a shago, iska ta shiga. Zafin Maris da Afrilu a ɗakin kwano yana rage ransa da sauri. A sayi ƙananan ledoji, a ajiye a firiji in akwai, in babu a sa a gwangwani mai murfi a wuri mafi sanyi na gidan, nesa da danshi. Wanda aka buɗe a ƙarar da shi cikin wata ɗaya. Don gwada ransa, a zuba ƙaramin cokali na yis da ƙaramin cokali na sukari a rabin kofin ruwa mai ɗumi. Cikin minti 10 zuwa 15 kumfa za ta taso, mai rufi yakan ɗan jinkirta. Wannan gwajin na mai rai ne kawai, sauran biyun ba sa kumfa kuma ba lalacewa suka yi ba. Ruwan gwajin a zubar, kada a ba maraƙi.

In zawo ya zo duk da haka

Zai zo. Abin da ke kashe maraƙi mai zawo shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki, don haka ruwan gishiri ake fara nema. Kada a yanke madara. A ba da lita 1 zuwa ɗaya da rabi na ruwan gishirin maruƙa sau biyu a rana, awa 2 zuwa 3 tsakaninsa da madara. In babu na leda, a haɗa a lita 1 ta dafaffen ruwa: gishiri giram 4, bekin soda giram 3, gulukos giram 20. Sukarin shayi ba ya maye gurbin gulukos, domin hanjin ɗan maraƙi ba ya iya narkar da shi, ƙara zawon yake yi. Yis ya ci gaba da tafiya a madara, ban da cikin ruwan gulukos.

A tsunkule fatar wuya a saki. In ta ɗauki fiye da daƙiƙa 2 kafin ta koma, ruwa ya ragu. In ido ya zurma, bakin ya yi sanyi, maraƙi ya kasa tsotso ko tashi, ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata, a kira likitan dabbobi nan take. Haka in zafin jiki ya wuce digiri 39.5, ko akwai jini a kashi, ko cibiya da gwiwoyi sun kumbura. In likita ya rubuta antibayotik ba sai an dakatar da yis ba, domin maganin bakteriya ba ya kashe shi.

Shekarun maraƙin suna taimaka wa likita. Zawo mai jini da yunƙuri daga mako na 3 zuwa sama, musamman da damina, yawanci koksidiya ce, wata ƙwayar cuta mai cin bangon hanji. Maraƙi mai mako 3 zuwa 10 da ke ramewa, kashinsa fari-fari mai wari, a tuna da tsutsar Toxocara vitulorum, wadda ke shiga ta nonon uwa kuma ta yi yawa a ƙasashe masu zafi. Ana ba da maganinta tun maraƙi yana da kimanin mako 2. Waɗannan biyu kowanne da maganinsa, yis ba ya taɓa su. Cryptosporidium da Salmonella suna kama mutane, don haka a wanke hannu da sabulu, a hana yara wasa a ɗakin maraƙi mai zawo, a ware masa bokitinsa, a shayar da shi a ƙarshe.

Yadda za a gane ko kuɗin na fita

A riƙe littafi. Kowane maraƙi da layinsa: ranar haihuwa, nauyi, yawan dakashi da lokacin da ya sha. Kowace safiya a duba kashi a ba shi maki: 0 mai kauri, 1 mai laushi, 2 mai malala, 3 ruwa. Ranar da aka sa 2 ko 3 ranar zawo ce. A auna nauyi duk mako biyu, da sikeli ko igiyar awon ƙirji. Abin da ake nema shi ne maraƙi ya ninka nauyin haihuwarsa a mako 8, wato ƙarin kusan giram 500 a rana ga mai kilo 28.

Kwatanta maruƙan bana da na bara ba ya nuna komai, domin yanayi da abinci sun sauya. A bi jerin haihuwa: na farko a ba shi yis, na biyu a bar shi, haka har ƙarshe, komai nasu iri ɗaya. Da maruƙa huɗu ko shida ba za a iya yanke hukunci ba, sai an tara kamar 20 a kowane ɓangare, ko a haɗa littafi da maƙwabtan da ke kiwo iri ɗaya. Daga nan a lissafa kwanakin zawo, kuɗin magani, mace-mace da nauyin yaye, a ɗora su a kan kuɗin yis na wata biyu da rabi. In fiye da rabin maruƙan ɓangarorin biyu suna zawo a makonni biyun farko, a kai likita ya ɗebi jinin masu kwana 2 zuwa 7 ya auna furotin. In da yawa sun gaza giram 5.1 a desilita, matsalar tana wajen dakashi, kuma can za a mayar da kuɗin.